Masu Sharar Ƙirji

Kawu Arzika ya kawo kakinsa cikin 'yar kwalba,
ya naɗe da baƙar leda, kamar mai ɓoye wa yara goro.
Ya ce, "Ige, ke da boko ya kai har ga madubi,
duba mani abin ga da ka gurnani ƙirjina da dare."

Shekara arba'in da ɗaya yana bakin wuta a Maƙera Asada.
Kalme, lauje, sarƙar ɗaure raƙumi.
Zuga-zugi na hura wa wuta iska,
wuta na biyan Kawu da hayaƙi.

Na shafa a gilashi, na zuba rini, na jira ya bushe.
Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
gumi na bin bayana har janareto ya tashi.
Na sunkuya, na murɗa, na ƙara murɗawa.

Sai ga su.

Ƙwayoyi masu faɗin ciki, babu wadda ta yi siffar 'yar'uwarta,
kowacce ta ƙoshi da baƙin gawayi,
ɗigo-ɗigo, kamar an barbaɗa masoro a kan kindirmo.

Can ƙuryar huhu, inda hanya ta ƙare
a 'yan ɗakunan iska da ba su kai ƙwayar gero ba,
nan ne mazauninsu.
Ba tsintsiya, ba kwando, ba juji kusa.
Da baki suke shara.
Toka ta shigo, su haɗiye.
Ɓurɓushin tsatsa, su haɗiye.
Ƙwayar cuta ta lallaɓo tana neman masauki,
su malalo kanta kamar ƙullu a kan yatsa,
su rufe, su narkar, ba wanda ya ji labari.
In ta fi ƙarfinsu, su aika wa jini da goron gayya,
'yan'uwa su taso, a kwana ana yi,
mai ƙirji ya ce zazzaɓi ne ya kama shi.

Amma gawayi ba ya narkewa.
Wadda ta haɗiya, da shi za ta zauna, da shi za ta mutu.
Wasu majina ke goya su, ta hauro da su maƙogwaro,
tari ɗaya ya jefo su duniya.
Ashe wannan da ke gabana ma'aikaciya ce ta faɗi a bakin aiki,
kayan da ta ɗauka na cikinta.

A gilashi na biyu na nemi jajayen sandunan tarin fuka,
su da kan bari a haɗiye su da gangan
su mai da cikin mai shara ɗakin haya.
Fili ɗari na bi, lungu-lungu, har idona ya yi ruwa.
Ban gani ba.
Na sa hannu a takarda. Hoton ƙirji, wannan sai likita.

Yana gindin darbejiya, hula a gwiwa.
Na ce, "Kawu, kana da yaran maƙera da ba ka taɓa sallama ba."
Ya yi dariya, dariya ta koma tari, na jira.
"Su nawa?"
"Sun fi mutanen Kara ranar jajibiri."
"Mi suka ci?"
"Abin da ka shaƙa."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.
Na miƙa masa ƙyallen rufe hanci,
ya ce takunkumi sai raƙumi mai cizo,
ya dai cusa a aljihu.

Ranar Laraba na bi ta unguwarsu a kan kabu-kabu,
na tarar ya ɓalle falle ɗaya daga rufin maƙera.
Hayaƙi na fita a miƙe,
rana ta faɗo daidai kan uwar maƙera.
Bai ɗago ba, masaba na hannunsa, ya ce,
"Ko yaron maƙeri ana ba shi hutun azahar."